Maɓallin tsohuwar kyamarar fim ya nutse ya ƙi tasowa: yaya ake gyara shi?

"Assalamu alaikum. Ina da kyamarar fim Pentax K1000 da na gada daga mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, da ita ya yi sana'ar hoto. Kwanan baya ta zame daga kan tebur ta faɗi. Tun daga ranar maɓallin da ake dannawa a ɗauki hoto ya nutse ya ƙi tasowa, hannun jan fim ɗin ma ya kafe. Wani mai gyaran waya ya ce in fesa mata WD-40, in kuma maɓallin karyewa ya yi a liƙe shi da sufa gulu. Zan iya gyara ta da kaina, ko ta gama yawo?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ji ƙan mahaifi, Ya sa ya huta. Kyamararka ba ta gama yawo ba, in sha Allahu, amma kafin komai ka ajiye shawarar nan biyu da aka ba ka. Kada WD-40 ya kusance ta, kada gam ya kusance ta, kuma kada ka sa ƙarfi a hannun jan fim don ka ga ko zai motsa. Waɗannan abubuwa uku suna iya kashe tsohuwar kyamara, fiye da faɗuwar kanta. In na fahimce ka daidai, abu biyu ne suka faru lokaci guda bayan faɗuwa: maɓalli ya tsaya a ƙasa, hannu kuma ya ƙi ja. Wataƙila kana ganin matsala biyu ce. Mafi yawan lokaci matsala ɗaya ce, kuma sau da yawa ba a cikin maɓallin take ba.

Yadda maɓallin yake aiki

Kamfanin Asahi na Japan ya fara fitar da K1000 a 1976, aka ci gaba da ƙera ta har 1997. Shatarta, wato labule biyu da ke buɗewa su rufe don haske ya kai ga fim, ba ta buƙatar wuta ko kaɗan. Ɗan batirin LR44 da ke ƙasanta na mitar haske ne kawai, don haka canza batir ba zai taɓa wannan matsala ba. Duk abin da ke faruwa idan ka danna, aikin sifirin ne da ƙananan ƙarafa masu tura juna.

Abin da yatsanka ke taɓawa hula ce kawai da ke zaune cikin wani zobe a murfin saman kyamara. A tsakiyar hular akwai rami mai tiredi inda ake ɗaura igiyar dannawa daga nesa, a cikin ramin kuma akwai wani ɗan siririn fil da ba a ɗaure yake ba. Ƙarƙashin hular akwai doguwar sandar ƙarfe da ta gangara cikin jikin kyamara, tare da sifirin ɗin da ke mayar da ita sama. Idan sandar ta sauka sai ta saki ƙugiyar da ke riƙe da madubin da ke bayan lens. Madubi ya ɗaga, ɗagawarsa ta saki labule na farko, bayan lokacin da ka zaɓa labule na biyu ya bi bayansa, isarsa ƙarshe kuma ita ce ke bugun wani ɗan hannu da ke sauko da madubi ya buɗe hanyar jan fim na gaba. Kowane mataki yana jiran wanda ya gabace shi. Shi ya sa idan maɓalli bai koma sama ba, ko madubi bai sauko ba, kyamarar tana ganin ba a gama ɗaukar hoton ba, sai ta kulle hannu da gangan. Wanda ya matsa wa hannun a wannan hali haƙoran giya yake karyawa, kuma gyaran wannan ya fi na maɓalli tsada nesa ba kusa ba.

Abin da za ka duba kafin ka taɓa sukudireba

In akwai fim a ciki, danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamara ka naɗe shi ka fitar. Wani lokaci fim ne ya ƙare hannu ya tsaya a rabin hanya, da zarar an danna wannan maɓalli na ƙasa sai hannun ya ƙarasa zagayensa komai ya saki. Daga nan cire lens ka leƙa: madubi yana ƙasa a karkace yadda ya saba, ko ya maƙale a sama? Buɗe bayan kyamara ka dubi labulen, da ido kawai, ba da yatsa ba. In ka ga bakin ƙarfen labule ya tsaya a tsakiyar taga, shata ta tsaya a rabin tafiya. Akwai kuma wata 'yar taga kusa da maɓalli da ke nuna ja idan an ja hannu shata ta ɗanu. Lura da launinta ka rubuta.

In madubi yana sama, sa farce a gefensa ka ja shi ƙasa a hankali, kada ka taɓa fuskarsa, domin azurfar tana sama ne ba bayan gilashi ba, gogewa kaɗan ta bar tabo. A saman akwatin madubi akwai siririn soso da madubi ke bugawa. Bayan shekara talatin ko arba'in wannan soson yakan narke ya zama baƙin danƙo ya riƙe madubi. In ka ji ya ɓanɓaro daga danƙo ya sauko, maɓalli kuma ya taso, to ka gano ciwon: a kankare tsohon soso da tsinken sakace, a goge wurin da sifirit, a manna sabo mai kauri kamar milimita 2.

Yanzu sai maɓallin kansa. Kai kyamarar wurin haske, ɗaga ta daidai idonka, ka dubi layin murfin sama daga gaba da gefe. Ka nemi inda ya loɓa kusa da maɓalli ko kusa da hannun jan fim, ka kuma duba ko hular ta karkata ta jingina da gefe guda na zobenta. In an taɓa ɗaura mata irin hular ado mai faɗi da ake murɗawa a ramin tsakiya, kwance ta, domin irin wannan hula ita ke karɓar bugun faɗuwa ta mayar da shi kan sanda. In kana da igiyar dannawa, ko za ka iya aro, ɗaura ta a ramin ka ja sama a hankali. Hula da ta taso da ɗan turjiya ta kuma sake maƙalewa da ka danna, alamar matsewa ce daga zobe ko lanƙwasar sanda. Hula da ke rawa sako-sako, tana hawa tana sauka ba tare da ka ji sifirin a ƙarƙashinta ba, tana nuna sandar ce ta maƙale a can ƙasa, hular lafiyarta lau.

Tun da faɗuwa ce ta jawo naka, abin da na fi zato shi ne loɓawar murfi ko lanƙwasar sanda. Amma wanda nasa maɓallin ya fara nauyi sannu a hankali ba tare da faɗuwa ba, galibi datti ne: ƙurar hunturu ta haɗu da gumin yatsa da tsohon giris ta daskare a zoben. Wannan ana maganinsa daga waje. A samo man laita, wato nafta, a tsoma tsinken sakace, a ɗiga ɗigo ɗaya a kewayen hular, kyamara tana kife don abin da ya narke ya fito waje maimakon ya gangara ciki. A danna a saki sau da yawa, a goge baƙin da ya fito, a maimaita sau biyu ko uku. Ɗigo nake nufi, ba zubawa ba. In man ya kai ga gilashin da ake saita hoto a kansa, wanda na roba ne, zai bar tabon da ba ya fita.

Dalilin hana WD-40 shi ne ba ya tsayawa inda aka sa shi. Yana bin ƙarfe yana yaɗuwa har ya kai labule, wanda ƙyalle ne mai rufin roba, ya kai madubi da firizim, wato gilashin da ke kawo hoto wurin leƙe, sannan bayan watanni ya bushe ya bar maiƙo mai kama ƙura. Man keken ɗinki da baƙin mai su ma haka. Sufa gulu kuma ruwa-ruwa ne, yana zurarewa ta gefen hula ya liƙe ta da zobe har abada, tururinsa kuma yana barin farin hazo a kan gilashi.

Buɗe ƙasa

Murfin ƙasa shi ne mai sauƙi, kuma da shi ake farawa. Ƙananan sukurori uku ne ke riƙe da shi. A nan ga wata magana da ke da muhimmanci: sukurorin kyamarorin Japan masu kan gicciye ba irin Phillips ba ne, tsarin JIS ne. Sukudireban gyaran waya na yau da kullum yana shiga, amma ba ya zama daram, yana zamewa ya cinye kan sukuru. Nemi JIS lamba 00 da lamba 0. In babu, zaɓi wanda ya fi zama, ka danna da ƙarfi ƙasa kana murɗawa a hankali. Shimfiɗa farin tawul a kan tire ka yi aikin a ciki, domin sukurun da ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa kowane abu, da kuma bayan kowane mataki.

Da ka cire murfin za ka ga ƙarafa da faifai masu haƙora. Danna maɓalli ko ja shi sama kana kallo, ka ga wane ƙarfe ne ke motsi tare da shi. In ba abin da ke motsi a ƙasa, matsalar tana sama. In akwai wani sukuru ko gutsuren ƙarfe da faɗuwa ta kakkaɓo ya shiga tsakanin haƙora, za ka gan shi a nan, ka cire da hantsaki. Za ka kuma ga wani faifai mai haƙora da ɗan fil a kansa, wanda ke juyawa tare da labule na biyu ya bugi hannun da ke sauko da madubi. Wannan wuri sananne ne a K1000 da yayarta Spotmatic: giris ya bushe, faifan ya kasa ƙarasa juyawa, madubi ya tsaya a sama, musamman da sanyin safiya ko a kan saurin shata na ƙasa-ƙasa. Tura faifan kaɗan da tsinke zuwa inda yake nufa. In ka ji ƙarar saukar madubi, wanke gindinsa da ɗigon man laita, bar shi ya bushe, sannan ka sa man agogo daidai abin da kan allura zai ɗauka. Masu gyaran agogo na kasuwa suna da shi.

Buɗe sama

In ƙasa lafiya, sai murfin sama, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka auna kanka. Ba aikin da ya gagara ba ne, amma yana da tarkuna, kuma yana buƙatar sifana mai baki biyu masu tsini da ake kwance zobba da ita. Filaya ba ta maye gurbinta, sai dai ta karce murfi.

Kafin ka fara, sa lambar saurin shata da lambar ASA, wato lambar ƙarfin fim wajen kama haske, a wani wuri da za ka tuna, ka ɗauki hotonsu, kada kuma ka juya komai a ƙarƙashi har ka mayar. A kan hannun jan fim akwai murfin ƙidayar hotuna, wanda wasu 'yan mitsi-mitsin sukurori uku ke riƙe da shi ta gefe. Sassauta su kawai, kada ka fitar da su gaba ɗaya. Ƙarƙashinsa akwai sukurun da ke riƙe da faifan lambobi, kuma tiredinsa bahago ne: ta hannun dama ake kwance shi, wato yadda agogo ke tafiya. Notin da ke ƙarƙashinsa shi ma bahago ne. Mutane da yawa a nan suke yin ɓarna, su ga ya ƙi kwancewa su ƙara ƙarfi ta hagu har kan ya tsinke. Bayan su sai sukurorin hannun da zoben da ke danne shi. A ɗaya gefen, buɗe bayan kyamara, sa tsinke ko ƙaramin katako a cikin cokalin da ke kama gwangwanin fim, ka murɗa marikin naɗe fim ta hagu ya fita. Daga nan kada ka rufe bayan kyamarar, domin sandar da marikin ke kanta ita ce mabuɗinsa, in ta zurma ciki bayan yana rufe ka shiga wahala. Manna ɗan salatif a kan makullin don kada ya rufe da kansa. Sai zoben da ke ƙarƙashin marikin, da faifan saurin shata mai sifirin a cikinsa, da sauran sukurorin gefen murfi.

Ɗaga murfin a miƙe, a hankali, kana leƙa ko akwai waya da ke haɗe da wurin ɗora filasha. Ɗan fil ɗin nan na cikin hula zai so ya faɗo. Kama shi ka ajiye, ka kuma lura da wane kai ne ke sama.

Yanzu ga gwajin da zai raba gardama. Murfi yana gefe, danna kan sandar da tsinke. In ta sauka sumul, shata ta buga, ta kuma taso da kanta, to cikin kyamararka lafiya yake, laifin murfi ne ko hula. Kifa murfin a kan katako mai laushi, sa guntun katako a bayan inda ya loɓa, ka riƙa bugawa kaɗan-kaɗan da ƙaramar guduma kana gwada hular a zobenta bayan kowane bugu biyu ko uku, har ta riƙa faɗawa da nauyin kanta. Ba sai murfin ya koma kamar sabo ba, abin da ake nema hula ta sami hanya. Wannan na masu murfin ƙarfe ne. Waɗanda aka harhaɗa a Chaina daga baya murfinsu roba ne, kuma ba su da sunan Asahi a goshi. Roba ba ta loɓawa, tsagewa take yi, kuma in tsagar ta bi ta zoben maɓalli canjin murfi ya fi. In ba a samu ba, ana iya riƙe tsagar da ɗan Araldite ta ciki, murfi yana cire, hula kuma tana nesa har ya bushe kwana guda.

In kuwa sandar ce ke turjiya ko da babu murfi, duba kanta ko ya karkata. Lanƙwasa kaɗan a sama ana miƙar da ita da filaya mai santsin baki, a naɗa salatif a bakin, a yi sau ɗaya a hankali. Lanƙwasawa gaba da baya tana gajiyar da ƙarfen ya karye. In sifirin ne ya zame daga mazauninsa, ana mayar da shi da hantsaki. In ya tsinke, ko sandar ta lanƙwashe a can ciki inda ba a gani, to nan ne iyakar aikin gida, domin fitar da ita yana iya kaiwa ga ɓare fatar gaba da cire akwatin madubi, kuma mayar da shi yana buƙatar wanda ya saba. Ni ma daga bayanin da ka rubuto ba zan iya yanke maka hukunci tsakanin waɗannan ba sai kyamara tana hannu. Sababbin kayan gyaranta an daina yi, don haka hula, fil, sanda ko murfi daga wata matacciyar K1000 ake cirowa. Tsofaffin masu hoto da suka koma dijital sau da yawa suna da irinsu a ajiye. Nemi wadda zamaninta ya yi daidai da taka, mai ƙarfe da mai ƙarfe, mai roba da mai roba.

Ga masu wasu kyamarorin

Duk bayanin nan na kyamara ce marar wuta. Mai Canon AE-1, wadda ita ma ta fito a 1976, maɓallinsa makunnin lantarki ne, kuma ba ta ɗaukar hoto sam in babu batirin 4LR44 mai bolt 6. Ya fara da sabon batir, ya goge wurin zamansa, ya tabbatar makullin da ke gefen maɓalli ba ya kan L. In mita tana aiki amma shata ba ta bugawa, akwai maganaɗisu a ƙarƙashin murfin ƙasa da maiƙo ke liƙewa, ana goge fuskarsa da sifirit. Minolta X-700 da X-300 kuwa, in fitilun cikin madubin leƙe suka kama sannan suka mutu da an danna, kafasita ce, wato ɗan abin da ke tara wuta, ta lalace, aikin mai dalma ne. Nikon FM2 da FE suna kulle maɓalli in hannun jan fim yana manne da jiki, sai an ɗan jawo shi waje. Olympus Trip 35 tana hana dannawa da gangan in haske bai isa ba, ta ɗago jar alama. Zenit-E ana danna maɓallinta a murɗa don ya tsaya a ƙasa, kuma mutane kan yi haka bisa kuskure su ɗauka ta lalace. Yashica Electro 35 tana da wani ɗan gutsuren roba mai kauri kamar milimita 2 a hanyar sandar maɓalli, wanda ke ruɓewa ya rikita lokacin shata. Duk wadda ke da agogon jinkiri da mutum ke ɗaukar kansa hoto da shi, a duba ko ya tsaya a rabin hanya, domin shi ma yana kulle komai. Ƙananan kyamarori masu filasha a jiki kuma kada wanda bai sani ba ya buɗe su, kafasitar filasha tana riƙe wuta wajen bolt 300 ko an cire batir.

Bayan an mayar

Wajen mayar da murfi, sa ɗan fil ɗin a cikin hula, riƙe shi da ɗan giris kaɗan ko ka kifa murfin ka sauko da jikin kyamara a kansa. Kada ka ɗaure sukuru ko ɗaya sai ka danna maɓalli ka ji yana hawa yana sauka. Ɗaure su daidai riƙo, tiredinsu siriri ne. Sukurorin bahago kuma ta hagu ake ɗaure su.

Kafin ka sa fim, buɗe baya, cire lens, fuskanci bango mai haske, ka gwada kowane sauri daga daƙiƙa 1 har 1/1000, kowanne kamar sau goma. A kan B labule ya kamata ya tsaya a buɗe muddin yatsanka yana kan maɓalli, ya rufe nan take da ka ɗaga. In ya yi jinkirin rufewa, har yanzu sandar tana gogar wani abu. Gwada kuma kyamara tana tsaye, tana kwance, tana kife, domin sandar da ta ɗan lanƙwashe takan yi aiki a wani zama ta maƙale a wani. Duba allurar mita ka ga tana motsi idan ka canza sauri da ASA, don ka tabbatar faifan ya koma mazauninsa. Tun da faɗuwa ta yi, saita lens a kan nesa ka dubi wani abu mai nisa kamar hasumiya ko turken sadarwa, ka ga ya fito tar, domin bugu yana iya gusar da madubi. Sannan ka sa fim mai araha, ka ɗauki hotuna a sauri daban-daban kana rubuta abin da ka sa a kowanne, ka kai a wanke kafin ka dogara da ita a biki ko suna.